Tambayoyi da Amsoshi: Zaɓen Lensi Mai Zuƙowa na f/2.8 don Kyamarar DSLR

Kusan duk wanda ya fara sana'ar hoto da kyamarar DSLR, wato mai madubi a ciki da ake sauya mata lensi, ko Canon ko Nikon, da ɗan lensin nan na 18-55mm ya fara, wanda ake sakowa a kwali tare da kyamarar. Da rana tsaka ba shi da laifi. Sai an shiga ɗakin amarya, ko an fara dina bayan isha'i, ko an tara jama'a a zauren da fitilunsa ba su taka kara sun karya ba, sannan gazawarsa take fitowa fili: fuskoki su yi dishi-dishi, kyamara ta yi ta laluben fokas, hoto ya cika da ɗige-ɗige. Daga nan ne mutum yake shiga cigiyar lensin da ya fi shi. Ga tambayoyin da masu wannan cigiya suka fi yi.

Wane irin lensi ake magana a kai?

Lensi ne mai zuƙowa da ya faro daga faɗi, ya bi ta kusan yadda idon mutum yake ganin abu, ya tsaya a zuƙowar da ta isa ɗaukar fuska da kafaɗu. A kyamara mai babban sensa, wato farantin cikin kyamara da haske yake sauka a kai ya zama hoto, shi ne 24-70mm. A mai ƙaramin sensa kuwa, 17-55mm ne ko 17-50mm. Abin da ya raba shi da na kwali shi ne ƙofar haskensa: tana buɗewa har f/2.8, kuma ba ta tsukewa komai zuƙowar da ka yi. Duba bakinsa za ka ga lamba ɗaya tal, 1:2.8. Na kwali lamba biyu gare shi, 1:3.5-5.6, wato yana farawa da f/3.5 a wajen faɗi, kana zuƙowa ƙofar tana tsukewa, kafin ka kai 55mm ta koma f/5.6.

Tsakanin 2.8 da 5.6 ai ba wata tazara ba ce. Me ya sa kuɗin ya ninka haka?

Tazarar ta fi yadda lambobin suke nunawa. Ana samun lambar f ne idan aka raba tsawon lensi da faɗin ƙofarsa. A 55mm, ƙofar f/5.6 faɗinta wajen milimita 10 ne, ta f/2.8 kuma wajen milimita 20. Faɗi ya ninka biyu, filin da haske yake bi ya ninka huɗu. Saboda haka a ƙarshen zuƙowa, lensin f/2.8 yana shigar da haske ninki huɗu na wanda lensin kwali yake shigarwa.

Ga yadda abin yake a wurin aiki. A ce kana zauren biki, ka kai ISO 3200 (ISO shi ne ma'aunin ƙarfin jin hasken kyamara, yana hawa ɗige-ɗige suna ƙaruwa), lensin kwali yana f/5.6, kyamara ta ba ka shata 1/30, wato haske zai shiga na kashi ɗaya cikin talatin na daƙiƙa. A wannan saurin, ko juya kai uwar amarya ta yi, fuskarta ta tafi. Da lensin f/2.8, a wuri ɗaya da haske ɗaya, shatarka za ta koma 1/125, wanda ya isa tsayar da mutumin da yake magana ko tafiya a hankali. Idan kuma abin da kake ɗauka ba ya motsi, sai ka bar shatar yadda take ka sauko da ISO zuwa 800, hoton ya fito tas. Wannan shi ne ainihin abin da kake biya wa kuɗi.

Akwai ƙarin amfani biyu. Na farko, kyamarar DSLR tana neman fokas ne da ƙofar lensi a buɗe gaba ɗaya, ko da ka saita f/8, don haka lensin f/2.8 yana taimaka mata ta kama fuska a duhu, tagar leƙen ma ta fi haske. Da yawa daga kyamarorin Canon suna da wurin fokas na tsakiya wanda cikakken ƙarfinsa ba ya aiki sai da lensin f/2.8 ko wanda ya fi shi buɗewa. Na biyu, bayan mutum yana narkewa, kujerun roba da wayoyin lantarki su daina jan ido.

Sai dai a faɗi gaskiya, a wajen faɗi ribar ba ta kai haka ba. Tsakanin f/3.5 da f/2.8 ƙarin hasken ko ninki biyu bai kai ba. Wanda duk hotunansa a 18mm yake ɗauka da rana ba zai ga canjin da ya kai kuɗinsa ba.

Zan sayi 24-70mm ne ko 17-55mm?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma a nan aka fi yin asarar kuɗi. Amsar tana jikin kyamararka, ba a jikin lensin ba.

Idan kyamararka Canon 600D ce, ko 700D, 800D, 1300D, 2000D, 60D, 70D, 80D, 90D, ko 7D, ƙaramin sensa gare ta. Haka Nikon D90, D300, D500, da duk jerin D3000, D5000 da D7000. Masu babban sensa su ne irin Canon 5D, 6D da 1D X, da Nikon D610, D700, D750, D780, D810 da D850. Ƙaramin sensa tsakiyar hoton kawai yake gani, ya yanke gefuna. Don sanin yadda lensi zai kasance a kansa, sai ka ninka tsawonsa da 1.6 idan Canon ce, ko 1.5 idan Nikon ce. Ke nan 17-55mm a kan Canon 80D yana ba da kusan abin da 27-88mm zai bayar a babban sensa. Shi kuwa 24-70mm a kan kyamarar nan ɗaya komawa yake yi kamar 38-112mm. Faɗin ya tafi ke nan.

Mutane suna raina wannan lissafi har sai sun shiga ɗaki. Ɗauki ranar kamu: amarya tana zaune bakin gado a lulluɓe, ƙawaye sun kewaye ta, gwaggo tana tsaye a ƙofa da kwalbar turare, kai kuma bayanka ya riga ya manne da bango, tsakaninka da su bai fi mita 3 ba. Da 17mm a ƙaramin sensan Canon, faɗin abin da zai shiga hotonka ya kusa mita 4. Da 24mm bai kai mita 3 ba. Fiye da mita ɗaya ke nan ya fita, wato mutum biyu ko uku, kuma galibi su ne dangin da za a fara nema idan an karɓi hotuna. A fili kana iya ja da baya. A ɗaki babu inda za ka je.

Don haka ra'ayina a nan ba shi da kwana: mai ƙaramin sensa ya sayi lensin da ya fara daga 16mm, 17mm ko 18mm. Mai babban sensa ya sayi wanda ya fara daga 24mm.

Amma ina da niyyar komawa babban sensa nan gaba. Ba gara in sayi 24-70mm tun yanzu ba?

Idan kuɗin sabuwar kyamarar yana hannu kuma cikin 'yan watanni za ka saya, to babu laifi. Idan kuwa niyya ce kawai ta "in Allah ya hore", kada ka takura aikin da yake ciyar da kai yau saboda kyamarar da ba ta zo ba. Sayi 17-50mm na hannu, ka yi aiki da shi, ranar da ka sauya kyamara ka sayar da su tare. Abin da za ka rasa a wajen sayarwa bai kai abin da za ka rasa na hotunan da ba su shiga ba.

Ka kuma sani cewa lensin Canon mai alamar EF-S ba ya hawa kan 5D ko 6D sam. Na Nikon mai alamar DX yana hawa kan babban sensa, amma kyamarar za ta yanke hoton ta yi amfani da tsakiyar sensan kawai. A wajen Sigma alamar ƙaramin sensa ita ce DC, ta babba DG. A wajen Tamron, Di II na ƙarami ne, Di na babba.

Waɗanne ne zaɓin mai ƙaramin sensa?

Huɗu ne aka fi sani. Canon EF-S 17-55mm f/2.8 IS USM ya fito a 2006, nauyinsa giram 645, yana da na'urar hana rawar hannu, fokas ɗinsa kuma yana da sauri ba ƙara. Hotonsa yana da kaifi tun daga f/2.8. Rauninsa shi ne jikinsa: ba a toshe shi daga ƙura da ruwa ba, an kuma san shi da tara ƙura a bayan gilashin gaba. Hularsa ma, wadda ake ɗaurawa a bakinsa ta tare hasken gefe, daban ake sayarwa.

Nikon AF-S DX 17-55mm f/2.8G ya girme shi, tun 2003 yake. Jikin ƙarfe ne, giram 755, an yi shi ne don 'yan jarida a lokacin da Nikon ba ta da kyamarar dijital mai babban sensa. Yana jure wahala ƙwarai, sai dai ba shi da hana rawar hannu.

Sigma 17-50mm f/2.8 EX DC OS HSM na 2010 shi ne wanda na fi nuna wa mai ƙaramin ƙarfi. Yana da hana rawa, tsakiyar hotonsa tana da kaifi sosai, kuɗinsa kuma bai kama ƙafar na Canon da Nikon ba. Zoben fokas ɗinsa yana juyawa idan kyamara tana neman fokas, don haka sai ka koyi ɗauke yatsunka daga kansa. Sai Tamron 17-50mm f/2.8, wanda yake iri biyu: na 2006 marar hana rawa, mai nauyin da bai kai rabin kilo ba, da na 2009 mai alamar VC. Da yawa daga waɗanda suka riƙe duka biyun sun fi yabon kaifin na farkon. Motar fokas ɗinsa tana da ƙara, abin da zai dame ka a wurin ɗaurin aure ko wa'azi inda aka yi tsit.

Akwai kuma masu farawa da f/2.8 su ƙare a f/4, irin Sigma 17-70mm da Nikon 16-80mm. Sun fi zuƙowa, amma f/2.8 ɗin nasu a wajen faɗi kawai yake.

Mai babban sensa fa?

Canon tana da biyu. EF 24-70mm f/2.8L USM na 2002, giram 950, da wanda ya gaje shi a 2012, mai alamar II, giram 805. Na biyun ya fi na farko kaifi a fili, musamman a gefunan hoto, kuma shi ne wanda masu ɗaukar biki da 'yan jarida suka riƙe shekara da shekaru. Dukkansu babu hana rawar hannu. Nikon ma biyu ne: AF-S 24-70mm f/2.8G na 2007, wajen giram 900, da 24-70mm f/2.8E VR na 2015, wanda ya zo da hana rawa amma ya haura kilo ɗaya.

Tamron ce ta fara saka hana rawa a lensin 24-70mm f/2.8, a 2012, sannan ta fito da G2 a 2017. A wannan shekarar Sigma ma ta fito da 24-70mm f/2.8 Art mai hana rawa. Ga mai Canon da yake son f/2.8 da hana rawa a lensi ɗaya, waɗannan su ne hanyarsa.

Kada a manta da tsohon Tamron 28-75mm f/2.8 na 2003. Nauyinsa kusan rabin kilo ne, yana da araha a kasuwar na hannu, tsakiyar hotonsa kuma ba abin rainawa ba ne. Farawarsa daga 28mm ita ce illarsa: daga nisan mita 3, 24mm yana ɗauko faɗin mita 4 da rabi, 28mm kuma bai cika mita 4 ba.

Batun nauyi ba ƙaramin abu ba ne. Kyamara mai babban sensa da lensin 24-70mm da filasha a kai sun haura kilo biyu, kuma a wuyanka za su wuni daga ɗaurin aure har watsewar dina. Ka ɗaga ka ji kafin ka biya.

Na'urar hana rawar hannu dole ce?

Canon tana kiran ta IS, Nikon VR, Tamron VC, Sigma OS. Aikinsu ɗaya: gyara rawar hannun mai ɗauka. Ba ta tsayar da motsin wanda ake ɗauka. Wannan bambanci ne da ya kamata ya zauna a kan kowa. Idan kana ɗaukar kayan lefe a jere, ko adon zaure kafin baƙi su iso, ko cikin masallaci da dare, za ta ba ka damar sauka zuwa 1/15 ko ƙasa da haka hoton ya fito da kyau. Idan kuwa ana rawa ne ana liƙi, kana bukatar 1/250 ko fiye, a wannan saurin kuma rawar hannunka ba ta da tasiri a lensi gajere irin wannan. Nan buɗewar ƙofa ce take ceto, ko filasha.

Ga mai bidiyo lissafin ya sauya. Wanda yake riƙe kyamara a hannu yana ɗaukar bidiyo, kada ya sayi marar hana rawa. Kyamarorin DSLR na Canon da Nikon ba su da wannan na'ura a jikin sensansu, sai a lensi. Pentax ce take saka ta a jikin kyamara.

Me zai hana in sayi 24-105mm f/4, tunda ya fi zuƙowa?

Babu abin da zai hana, kuma ga wasu shi ya fi dacewa. Canon EF 24-105mm f/4L IS na 2005 da Nikon 24-120mm f/4G VR na 2010 duk lensi ne na kirki, suna da hana rawa, suna kuma kaiwa inda 24-70mm ba ya kaiwa. Abin da ka bayar shi ne rabin haske, domin f/4 rabin f/2.8 yake shigarwa. Idan yawancin aikinka taron rana ne, ko sutudiyo mai fitilu, ko kullum filasha tana kan kyamararka, f/4 ya ishe ka. Idan kana yawan shiga inda filasha take damun mutane, ko kana son hasken wurin ya fito yadda yake, wannan rabin hasken shi ne tsakanin 1/60 da 1/125.

Hanya mafi sauƙi ta yanke hukunci ita ce ka buɗe hotunan aikinka na baya a kwamfuta ka duba bayanan da kyamara take rubutawa a jikin kowane hoto. Dubi tsawon da ka fi amfani da shi, da ISO, da saurin shata, musamman a hotunan da suka lalace. Idan waɗanda suka lalace duk na 1/30 ne a ISO mai yawa, haske kake nema. Idan kuwa kullum kana ƙure zuƙowa kana yanke hoto daga baya, tsawo kake nema.

Ana ta yabon Sigma 18-35mm f/1.8. Ya fi 17-50mm?

A wajen haske da kaifi, ya fi shi nesa ba kusa ba. Ya fito a 2013, kuma shi ne lensi mai zuƙowa na farko na DSLR da ya riƙe f/1.8 daga farko har ƙarshe. Hasken da yake shigarwa ya haura ninki biyu na f/2.8. A ƙaramin sensa yana narkar da bayan mutum kusan yadda f/2.8 yake yi a babban sensa, shi ya sa masu shirya bidiyo suka rungume shi.

Amma zuƙowarsa gajera ce, a 35mm ya tsaya, wanda bai isa hoton fuska daga nesa kaɗan ba. Giram 810 ne, babu hana rawa, kuma a kan wasu kyamarorin DSLR fokas ɗinsa yana bukatar saiti kafin ya zauna daidai. Ga mai kyamara biyu, ɗaya da shi ɗaya da 50mm ko 85mm, haɗin ya yi. Ga mai kyamara ɗaya da yake gudu tsakanin ango da amarya, 17-50mm ya fi rufa asiri.

Kuɗina bai kai ba. Akwai wata mafita?

Akwai. Riƙe lensin kwalinka don faɗi da aikin rana, ka ƙara da 50mm f/1.8, wanda yake cikin mafi araha a wajen Canon da Nikon. Mai Nikon ƙaramin sensa ya duba 35mm f/1.8G DX. Ba sa zuƙowa, da ƙafarka za ka matsa, amma sun fi f/2.8 shigar da haske. Sannan filasha ta kirki da za ka iya harba haskenta zuwa silin tana gyara hoton cikin ɗaki fiye da yadda mutane suke zato.

Lensin Sigma da Tamron abin dogaro ne? Zai yi aiki da kyamarata?

Abin dogaro ne, kuma ƙwararru da yawa da su suke cin abinci. Sai dai akwai wuraren da ake tuntuɓe, musamman a ɓangaren Nikon. Kyamarorin D40, D60 da duk jerin D3000 da D5000 ba su da motar fokas a jikinsu, sai lensin ya zo da tasa. Tsofaffin Tamron 17-50mm da 28-75mm na Nikon iri biyu ne, akwai mai mota akwai marar mota, kuma a ido kusan kamarsu ɗaya. Idan ka ɗora marar mota a kan D5300, da hannu za ka riƙa murɗa fokas. Haka kuma lensin Nikon mai harafin E bayan lambar f, irin 24-70mm f/2.8E, da lantarki ake sarrafa ƙofarsa, tsofaffin kyamarori irin D80, D90, D200 da D3000 ba sa iya tsuke ta.

Sai matsalar fokas da yake sauka gaba ko bayan inda aka nufa. Wannan ba laifin kamfani ɗaya ba ne, daga ƙirar DSLR yake, domin na'urar da take auna fokas daban take da sensan da yake ɗaukar hoton. Ɗan saɓani kaɗan tsakaninsu ba ya bayyana a f/5.6, amma a f/2.8 sai ka ga kunne ya fito ido bai fito ba. Kyamarori irin Canon 70D, 80D, 7D, 5D Mark III da 6D, da Nikon D7000 zuwa sama, suna da wurin gyara wannan a cikin saitinsu. Canon 60D da jerin 600D zuwa 800D ba su da shi, haka jerin D3000 da D5000. Sababbin lensin Sigma da Tamron ana iya saita su ta kwamfuta da wata 'yar na'ura, USB Dock a wajen Sigma, TAP-in Console a wajen Tamron, amma tsofaffin 17-50mm ba sa cikin masu karɓar ta. Shi ya sa gwaji a kan kyamararka, ba ta mai shago ba, ya zama wajibi.

Na sayi f/2.8, amma hoton taron dangi yana fitowa wasu da kyau wasu dishi-dishi. Lensin ne ya lalace?

Da wuya. A 50mm da f/2.8 a ƙaramin sensa, idan mutum yana nisan mita 2, zurfin wurin da zai fito da kaifi bai kai santimita 20 ba. Sahun gaba zai fito, na baya ya narke. Idan mutane sun yi sahu biyu ko uku, tsuke ƙofar zuwa f/5.6 ko f/8, ka ja baya, ka sa fokas a sahun gaba ko na biyu, ka ƙara haske da filasha. Ajiye f/2.8 don mutum ɗaya ko biyu, da abubuwan kusa: zanen lalle a bayan hannu, aikin zare a wuyan babbar riga, zobe a yatsa. Kusan kowane lensi ma yana ƙara kaifi idan aka tsuke shi zuwa f/4.

Zan sayi na hannu. Me zan duba?

Je da kyamararka da katinka, kuma ka je da rana. Cire murfin gaba da na baya, ka kunna tocilan wayarka ka haska ta baya kana leƙawa ta gaba, kana ɗan karkata lensin. Ƙura 'yar kaɗan za ka gani a kusan kowane lensi, ba ta taɓa hoto, kada ta tsorata ka. Abin gudu shi ne funfuna, wadda take fitowa fari-fari da siraran rassa daga gefen gilashi, da kuma hazo da ya lulluɓe gilashin ciki. Waɗannan suna rage kaifi, funfuna kuma idan ta daɗe tana cin rufin gilashin har ta bar tabo. Ƙarzuwa a gilashin baya ta fi ta gaba illa.

Murɗa zoben zuƙowa daga farko zuwa ƙarshe a hankali. Kada ka ji ya cije a wani wuri, kada kuma ka ji ƙaras-ƙaras na yashi. Zuƙo shi ya fito, ka kama bakin ka ɗan girgiza, idan yana lilo sosai ya sha wahala. Dubi zaren bakin lensi da ake ɗaura filta, wato gilashin da ake sakawa a gaba: idan ya lotsa, lensin ya taɓa faɗuwa. Dubi kan sukurorin baya, idan sun cinye an taɓa kwance shi.

Sannan ka ɗora shi ka gwada. Ɗauki bango mai rubutu ko jarida a miƙe, kana tsaye daidai gabanta, a f/2.8, a farkon zuƙowa da tsakiya da ƙarshe. Zuƙo hoton a allo ka kwatanta kusurwoyi huɗun. Ba dole su kai tsakiya kaifi ba, amma su yi daidai da juna. Idan hagu ya fito dama ya narke, gilashin ciki ya goce, gyaransa kuma ba kowane mai gyara ne yake iyawa ba. Ɗauki wasu a f/8 da f/16 don ka tabbata ƙofar tana tsukewa ba tare da kyamara ta nuna kuskure ba, domin siririyar wayar lantarkin da take cikin wasu lensi tana tsinkewa da tsufa, kuma a nan take tona kanta. A ƙarshe nemi fuskar mutum, ka sa fokas a ido sau da yawa, daga kusa da daga nesa, ka ga ko yana sauka daidai. Mai sayarwar da ya hana ka wannan gwaji, ka bar masa kayansa.

Yaya zan kare shi daga ƙurar hunturu da laimar damina?

Lensi mai zuƙowa da yake fitowa yana komawa iska yake shaƙa yana fitarwa, ƙura kuma tana bin iskar. A hunturu kada ka sauya lensi a fili. Shiga mota ko ɗaki, ka juya bakin kyamara ƙasa. Wannan ma yana cikin amfanin lensin da zai wuni a kan kyamara ba a cire shi ba. Kada ka goge gilashi da gefen riga alhali ƙura tana kai, fara hure ta da 'yar robar hura iska, sannan ka bi da ƙyallen gilashi mai laushi. Bar hular lensi a kai kullum, tana tare hasken gefe tana kuma karɓar bugu. Filta ta kariya tana da amfani a wurin ƙura, amma mai arha tana jawo ƙyalli idan fitila ta fuskance ka. Girmanta yana rubuce a bakin lensi: 77mm ga Canon 17-55mm da Sigma 17-50mm, 82mm ga sababbin 24-70mm.

A damina kuwa, kada lensi ya kwana a jakar da ta sha laima. Ajiye shi a roba mai murfi da ƙullin silika a ciki, ka riƙa busar da silikar lokaci-lokaci.

Zai yi mini aikin hawan Sallah?

Zai ɗauko taron jama'a, da kwalliyar doki idan kana kusa, da faɗin fili a gaban fada. Mahayin da yake sukuwa daga nesa kuwa sai 70-200mm ko fiye, da shata wajen 1/1000.

Tunda kamfanoni sun koma kyamara marar madubi, ba asara ba ce sayen lensin DSLR yanzu?

Gaskiya ne tun 2018, da Canon ta fito da jerin EOS R, Nikon kuma ta fito da jerin Z, hankalinsu ya koma can. Manyan DSLR ɗinsu na ƙarshe, Canon 1D X Mark III da Nikon D6, a 2020 suka fito. Amma wannan sauyi ya zo wa mai saye da sauƙi, domin waɗanda suka koma sabon tsari suna sakin tsofaffin lensinsu a kasuwar na hannu.

Lensin kuma ba ya mutuwa da kyamarar. Na Canon EF da EF-S suna aiki a kan jerin R ta hanyar adaftar EF-EOS R, na Nikon kuma suna aiki a kan jerin Z ta adaftar FTZ. Matsalar fokas mai sauka gaba ko baya ma galibi tana gushewa a can, tunda sensan da yake ɗaukar hoton shi yake auna fokas. Sharaɗi ɗaya ga mai Nikon: FTZ ba ta da motar juya tsohon lensi, don haka marar mota a jikinsa zai koma na murɗawa da hannu. Idan kana hangen komawa jerin Z wata rana, tabbatar lensin da za ka saya yau mai motarsa ne, misali mai alamar AF-S a wajen Nikon, HSM a wajen Sigma, USD a wajen Tamron. Tsofaffin Sigma da Tamron kuma ka gwada su a kan adaftar kafin ka dogara da su a wurin aiki, domin wasu sai an sabunta manhajar cikinsu suke yin fokas yadda ya kamata.